Tukwanen Aro da Babi na Tara

Ranar da aka ƙaddamar da littafin Barkisu ni ne mai riƙe da makirufo, kuma ni ne na faɗi. An kafa kanofi biyu a ƙofar gidansu a unguwar Aboabo, nan Kumasi, an jera kujerun roba, an ɗaure lasifika a jikin falwaya. Na tashi na yabi marubuciya, na yabi mai bugawa, na yabi har wanda ya kawo ruwan leda, sannan na koma zan zauna da ƙasaita. Ashe kujerar da aka ajiye min ta ga bukukuwa fiye da ni. Ƙafafunta huɗu suka baje, kowace ta nufi unguwarta, na tafi da baya, ƙafa sama, hula gefe, makirufo a baki. Abin da ya fito daga bakin nan kuwa ba salati ba ne. Wata kalma ce ta yaren Asante da direbobin tasi ke jifan juna da ita a tashar Kejetia, lasifika ta ɗauke ta ta kai har masallacin bayan layi, inda liman ke alwalar la'asar. Shekara biyu ke nan. Har yau in ka tambayi mutumin Aboabo ranar da littafin ya fito, zai ce maka ai ranar da Abdul-Kudus ya faɗi ce.

Barkisu ba ta yi dariya ba. Da taro ya watse ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce ita shekara goma sha ɗaya ta yi tana rubutu, ni kuma na kwashe ranar gaba ɗaya da mazaunaina. Tana da ikon faɗa min haka. Matar yayana ce, marigayi Issifu, ɗan wan babana. Tun ina ɗan sakandare nake ce mata matata, ita kuma tana ce min mijin da ba ya cefane.

Bana sai littafin ya sake dawowa hannuna. Ina da shiri na awa guda a wani ƙaramin gidan rediyo, ranar Laraba da hantsi, kuma masu sauraro sun dame mu a karanta musu shi. An ba ni mako goma sha biyu, don daga nan azumi zai shigo, tafsiri ya karɓe filin. Littafin kuwa babi goma sha uku ne. Dole ɗaya ya fita. A Kumasi kuma abin da ba a karanta wa mutane a kunne ba kamar ba a rubuta shi ba ne. Hausa muna yin ta daga farkawa har kwanciya, a kasuwa, a masallaci, a wurin faɗa, amma a makaranta Turanci aka koya mana da Larabci. Ka miƙa wa babban Alhaji takardar Hausa, sai ya juya ta, ya gyara tabarau, ya ce a kira masa wani. Ban yi dogon tunani ba na zaɓi babi na tara, tunda kowa ma tsallake shi yake yi. Abin da ban sani ba a lokacin, ku kuma gara ku sani tun yanzu, shi ne saboda wannan babin kaɗai Barkisu ta rubuta sauran goma sha biyun. Sauran labarin daga baya na same shi, guntu-guntu, yawanci tana kankare ƙanzo tana ba ni.

A unguwar Dichemso aka haife ta. Babanta ɗan dako ne a rumfunan goro, daga wajen Yendi, can arewacin ƙasar, ya zo da ƙuruciya bai koma ba. Mahaifiyarta mai girkin biki ce, irin matan da ake kira in za a ciyar da mutum ɗari biyar. Barkisu tana da shekara tara ta fara hura wuta ƙarƙashin tukunyar da ta fi ta tsawo. Ta yi boko har aji shida, ta yi makarantar allo da yamma, daga nan murhu ya cinye sauran. Ta gaji sana'ar, ta gaji muciyar da ta kai sandar tuƙin jirgin ruwa, ta gaji ciwon gwiwar ma. Yau shekararta hamsin da shida. Idonta kullum ja ne saboda hayaƙi, kuma in ta miƙe daga zaune sai ta tsaya rabi, hannu a ƙugu, kamar tana jiran sauran jikinta ya iso. Tuwon shinkafa da miyar gyaɗa, wake da shinkafa irin namu mai jan karan dawa, shito, soyayyen yajin nan da ke sa Alhazai cire hula: in ka ci biki ko suna ko addu'ar arba'in a Aboabo cikin shekara talatin ɗin nan, to ka ci hannunta, ko da ba ka taɓa ganin fuskarta ba. Ita a bayan gida take, inda hayaƙin yake.

Tana da shekara ashirin ta auri Issifu. Direban gingimari ne, yana ɗaukar huhunan goro daga Kumasi zuwa Sakkwato, ta Togo da Benin. A gidanmu da ake gadon surutu, shi kaɗai aka haifa da baki a rufe. Rabonsa na magana ni na haɗa da nawa na cinye. Tafiyarsa mako uku ce, in kan iyaka ta yi tsauri wata guda. Wata dawowa sai ya zo mata da ɗan littafi da ya saya a tashar Sakkwato. Shi bai iya karatun boko ba, hoton bangon ne ya ba shi sha'awa. Ta buɗe tana tsammanin Turanci, ta ga baƙaƙen da ta sani sun jeru a hanyar da ba ta sani ba. Ta fara haɗa su da baki, a hankali, kamar mai taka dutse a rafi. Layi na uku ta tuntsire da dariya. Ashe maganar da take yi kullum ce, sai dai ta sanya babbar riga ta ɗaura rawani. Daga ranar bai ƙara dawowa hannu sake ba. Yana cin tuwo tana karanta masa, in aka zo wurin da mugu ya sha kashi sai ya ɗaga kai ya ce, haka ne. Iyakar sharhinsa ke nan a shekara goma sha shida.

Daminar shekarar dubu biyu da huɗu, a hanyar dawowa, taya ta fashe masa a wata kwana kusa da iyakar Benin da Nijar. Mutanen wani ƙauye da ke wurin suka yi masa sutura suka binne shi kafin la'asar, Allah ya saka musu. Sai bayan kwana tara wani abokin tuƙinsa, Seini, ya shigo gidan da jakarsa a hannu, ya tsaya a zaure ya kasa sallama. Ta tambayi sunan ƙauyen, Seini ya faɗi wani suna. Daga baya wani direban ya faɗi wani daban. Babu kabarin da za ta ce ga shi can, babu hoto, don hoton da yake da shi ɗaya ne, na jikin lasin, shi ma can ya tsaya. Ranar addu'ar arba'in tana ɗaki cikin takaba, wasu matan na girki a tsakar gida, tana jin ƙarar tukwane tana gane wacce aka buga da wacce aka ɗora a karkace. Da ta fita takaba ta koma murhu, da 'yarta Hikma mai shekara shida. Manema sun zo, ta sallame su da abinci a kwano. Ni ma na ce ina layi, ta ce in fara koyon sayen gishiri.

Littattafai suka daina zuwa. Ta karanta tsofaffin har suka rabu da bangonsu. Bayan shekara bakwai ta sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta ta fara nata. Alhamis zuwa Lahadi na masu biki ne, Litinin ta wanke-wanke ce, saura Talata da Laraba da hantsi. Hannun da ya wuni a muciya ba ya son biro. Yatsun sukan ƙage, biron ya zame, ta ɗauka ta ci gaba. Takardun duk suna warin itace.

Babi na tara shi ta fara rubutawa, tun ba shi da lamba. Wani direba ne mai suna Abass ya dawo daga tafiya. Ya shigo gari da hantsi, amma maimakon ya wuce gida sai ya tsaya a tasha ya wanke motarsa tukuna, taya bayan taya, kamar yadda Issifu ke yi har ran Barkisu ya ɓaci, don maƙwabta sun riga sun gaya mata an ga motar. Sannan ya taho a ƙasa. Ya gaisa da mahauci, ya tsaya aka yanka masa tsire, ya ratse wa kwata, ya ba wata tsohuwa hanya, ya ji ana kiran azahar ya shiga ya yi. Ya iso, ya nemi ruwa, ya ci tuwo, ya miƙe ƙafa a tabarma, barci ya ɗauke shi matarsa na masa magana. Shi ke nan. Shafi talatin da ɗaya. Sau bakwai ta sake rubuta shi, don kullum sai ta tuna wani abu: yadda yake riƙe jaka a kafaɗar hagu, yadda yake share wuya da hula. Da ta gama sai ta ga ba wanda zai buga labarin mutum yana tafiya gida. Shi ne ta ƙirƙiro matarsa Mubarika, 'yar kasuwar atamfa, ta ƙirƙiro abokiyar cinikin da ta cuce ta, da shari'a, da lauya mai tumbi, da nasara a ƙarshe. Ta gina gida guda don ta samu inda za ta ajiye gado ɗaya.

Hikma, wadda yanzu ma'aikaciyar jinya ce, ita ta buga shi a kwamfuta lokacin hutu. Suka kai wa Rahim, wani mai injin buga takardu a Asafo wanda aikinsa katin biki ne da kalandar masallaci. Rahim ya lissafa shafuka ya ce akwai matsala. Takardarsa ninki goma sha shida take zuwa, littafin kuma ya gaza da shafi huɗu. Ko ta cike su, ko su fito fari fat kamar an manta. Barkisu ta ce ita ba ta saba ba da kwano rabi ba. Ta ari biro, ta zauna a bencin ƙofar shagon, injin na ta ƙara a bayanta. A babi na biyar akwai bikin ƙanwar Mubarika, an ci an watse. Sai ta ƙara abin da ke faruwa washegari, wanda ba ta taɓa ganin an sa a littafi ba. Kafin azahar ta gama. Ko sake dubawa ba ta yi ba.

Ga abin da ke ciki. A zango, wato unguwannin masu jin Hausa irin tamu, ba mai girkin da ke da tukwanen da za su ishi biki, aro ake yi gida-gida. Kowace tukunyar dalma tana da alamar masu ita da fenti a gindin kunne, wannan ɗigo ja biyu, waccan layi shuɗi. Kuma ba a mayar da tukunya wayam. Sai an sa wani abu a ciki, sabulu ko goro ko ƙullin gishiri. To a shafukan nan wata mai girki ce, washegarin biki, baƙi sun tafi, amarya ta tare, ita kuma ta wanke tukwane tara tana mayar da su ɗaya bayan ɗaya a ka. Ta san kowacce kamar 'yar'uwa. Akwai Mai Kunne Ɗaya, wadda sai an tallafe ta da tsumma. Akwai wadda ke kama gindi in ka juya baya ka amsa sallama. Akwai wadda ake kira Bazawara don ba ta kwana uku a gida ɗaya. A kowace ƙofa ana ce mata sannu da aiki, ba wanda ya tambaye ta ko ta ci abincin. Da ta ajiye ta ƙarshe ta dawo gida, sai ta ga wuyanta ya ƙi miƙewa, ya saba da nauyi.

Wata Juma'a mata suna yankan albasar wani biki, sai aka sa Hikma ta karanta musu wani abu daga littafin uwarta. Ta buɗe nan don ya fi gajarta. Wata ta ɗauka a waya. Kafin mako ya zagayo saƙon muryar ya gama Aboabo da Asawase, ya haye Jamus da Italiya da Jidda, duk inda 'yan zango suke wanke-wanken wasu. Mata suna ji suna dariya, can kuma sai a ga ana share ido ana ɗora wa albasa laifi.

Sai dai ba a tsaya nan ba. Mutanenmu ba su ɗauki abin a matsayin ƙirƙira ba, tukwanensu suka shiga nema a ciki. Wata ta aiko a gaya wa Barkisu ta gode, Mai Kunne Ɗaya tasu ce, kakarsu ce ta karya kunnen a bikin wane. Wata ta daina gaishe ta wata biyu, wai an ɓata wa tukunyarsu suna a duniya, alhali ba ta kama gindi sai in mai girkin ce ba ta iya wuta ba. Wani mutum ya bugo daga Hamburg, ya ce layin shuɗin nan mahaifiyarsa ce ta ja shi da hannunta, shi ya riƙe mata gwangwanin fentin. Barkisu ta yi masa ta'aziyya. Ba ta gaya masa gidaje shida ne ke da layi shuɗi ba.

Babbar ƙara kuwa daga Asokore Mampong ta zo, cikin tasi. Hajiya Basma ce, mai tukunya lamba sittin, wadda sai maza biyu ke ɗora ta a murhu. Ta zauna, ta ƙi shan ruwa. Ta ce shekara ashirin da biyu tana ba Barkisu aron tukunyar nan, ba ta taɓa hana ta ba ko ranar da ita ma take da baƙi, amma an rubuta littafi an sa tukwanen da ke yoyo, an ba wata mai faci rabin shafi, tata ko a gaisuwa. Barkisu ta ce ai labari ne, Hajiya, ba rajista ba. Hajiya ta ce ita ma ta san labari, kuma in za a sake bugawa a gyara, in ba haka ba kowa ya dafa a abin da ya rubuta. Da za ta tafi ta tsaya a zaure ta ce, amma wurin wuyan nan da ya ƙi miƙewa, wallahi ta yi kuka, don ita ma kafin Alhaji ya samu ta ɗauki tukwanen mutane.

Duk wanda ya zo yabo, Barkisu takan gode, sannan ta tambaya a hankali, kamar ba da gangan ba, ko an ji sauran littafin. Kaɗan ne suka ji, waɗanda ke da mai karanta musu a gida. Sukan ce shari'ar ta yi daɗi, lauyan ya ba su dariya. Sai ta ce, na tara fa? Sai a hau tunanin wanne ne. Wata malamar Islamiyya, wadda ta karanta da kanta, ta ce ai ta tuna, wanda mutumin nan yake ta tafiya ne, ta kai shafi shida ta ga bai isa ba sai ta tsallake.

"Daga baya me ya same shi?" in ji malamar.

"Ba abin da ya same shi."

"To shi ya sa."

Hikma ma da take bugawa ta ce, Mma, wannan ya yi tsawo, ko a rage? Barkisu ta ce a bar shi. Ba ta ga laifin yarinyar ba. Shekararta shida lokacin rasuwar, abin da ta riƙe na ubanta shi ne warin man mota da tsire a takarda.

Barkisu ba fushi take yi ba, gajiya ce. Ranakun Litinin in ta gama wanke-wanke takan zauna a kan turmi tana shafa wa gwiwa man zafi, tana juya abin a ranta. Ta yarda shafukan tukwanen suna da kyau. Wataƙila ma don ba ta ji tsoronsu ba ne, ta zubo su yadda take zuba gishiri, ba awo. Na taran kuwa wataƙila ta tuƙa shi har ya yi tauri. Ta kuma gane cewa mutum in ya buɗe littafi tukunyar gidansu yake nema, in ya gan ta ya ce marubuci ya iya. Wannan duk ta yarda da shi. Abin da ya tsaya mata shi ne, a garin nan akwai matan direbobi fiye da a ƙirga, akwai waɗanda suka san Issifu, suka ci da shi, suka yi sallah sahu ɗaya. A cikinsu ba a samu mutum ɗaya da ya bi Abass daga tasha har ƙofa ya ce, wannan tafiyar na san ta. Da ta buɗe baki ta faɗi ko wane ne Abass, da an karanta. Amma ta san irin karatun da za a yi, irin cin abincin gidan makoki ne, a ci a yaba ba a ji ɗanɗano ba. Ita so take a raka shi gida don tafiyar ta isa a raka, ba don an tausaya mata ba. Da ta ji za a karanta littafin a rediyo, babi bayan babi, ba mai tsallakewa tunda ba a hannun mai sauraro shafin yake ba, ta sayi sabon batir tun saura mako uku.

Ni duk ban san wannan ba ranar Litinin ɗin da na hau babur na je gidanta da littafin a aljihun riga. Na same ta a tsakar gida, tukwane bakwai a kife suna shan rana, ta takwas tana tsakanin ƙafafunta tana kankara da soson ƙarfe da toka. Na ja turmi na zauna, bayan na gwada ƙarfinsa.

"Matata, sannu da aiki. Ina ƙanzona?"

"Mijin da ba ya cefane ba ya tambayar ƙanzo. Me ya kawo ka da rana tsaka?"

Na zayyana mata yadda aka yi, mako goma sha biyu, babi goma sha uku, azumi na tafe, manaja ba ya jin roƙo. Na ce shafukan tukwane kuwa sau biyu zan karanta su, farko da ƙarshe, har Hajiya Basma na yi wa alkawarin zan ambaci lamba sittin a gaisuwar masu sauraro. Ta ɗan murmusa, hannu bai tsaya ba. Sannan na ce na tara ne zai fita.

Soson ya tsaya. Ba ta ɗago ba. Ta tambaye ni ko na karanta shi. Na ce ƙwarai. Ta ɗago ta yi min kallo irin wanda ke sa mutum ya gyara maganarsa, na ce to, shafi biyar, wataƙila huɗu, amma na leƙa ƙarshen na ga barci ya yi. Na ce ita ma ta sani, rediyo ba ya son shiru. In na yi awa guda ina wanke taya, masu sauraro za su koma tashar da ake tallan maganin basir. Ta ce a cire shari'ar mana, babi biyu ce, a haɗe ta. Na ce shari'a ai ita ce naman miyar, lauyan nan har muryar da zan yi masa na tanada. Ta ce a cire bikin. Na ce in aka cire biki ina za a samu tukwane?

Ta ci gaba da kankara, a hankali yanzu, wuri ɗaya take ta bi wanda ya riga ya fita. Na ga ranta bai so ba, ni kuma ba na son barin mace da ɓacin rai in akwai dabara. Dabara kuwa ba ta taɓa yi min ƙaranci ba, ita ce ma ciwona. Na buga cinya na ce na samo mafita. Ba za a jefar da Abass ba. Zan matse shi cikin minti goma a farkon babi na goma, amma sai an sa masa ɗan gishiri. A bar wanke mota da gaisuwar mahauci. A ɗauko shi tun daga hanya, yana gangaro wani tudu da lodi, ruwa na zuba, sai birki ya ƙi, ko taya ta yi bindiga a kwana. In tsaya nan in sa talla. Kowa zai riƙe numfashi, mata za su bar tuwo ya ƙone. Ko ya tsira ko bai tsira ba, wannan sai yadda ta ce, ita ce marubuciya.

Ina cikin kwatanta ƙarar tayar da baki ne na lura ta ajiye soson. Ta ɗauraye hannu a bokiti, ta share a zane, yatsa bayan yatsa. Ta miƙe, ta tsaya rabi yadda ta saba, sannan ta ƙarasa miƙewa. Ta miƙo hannu, ban san lokacin da na zaro littafin na ba ta ba. Ta dube ni da jajayen idanun nan, ba hawaye a ciki, muryarta ma ba ta tashi ba.

"Tayar ta riga ta fashe, Abdul-Kudus, shekara ashirin ke nan, kuma ba ta jira ka sa talla ba. Yayanka ne, kai ko tafiyarsa ba ka gane ba. Isowar ce ban samu ba, shi ya sa na rubuta ta. In bakin nan naka ba zai iya kawo min shi gida ba, tashi min daga kan turmi, ina da daka."